Oddrun, Mai Zare Waya Ran Talata

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin fitonmu a cikin shekara ashirin da biyar da suka wuce ya ci moriyar aikin Oddrun Hestnes, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ni kuwa na san ta ciki da waje, domin bango ɗaya ne ya raba ofishina da nata. Sunana Eilif. Ni nake tsara lokutan tashin jirage a kamfaninmu, wanda jiragensa uku suke haɗa tsibiranmu biyar da tsallake, kudu da birnin Bodø. Ita kuma ita ce shugabar sashen kwamfuta. Sashen dai mutum biyu ne, ita da Arnfinn, amma ko a gaban minista haka take kiransa, sashe.

A babban tsibirinmu aka haife ta. Ubanta makanikin injin jirgin kamun kifi ne, mutumin da ba ya barin tasha sai ya ɗora tafin hannunsa a kan inji ya ji yadda yake kaɗawa. Da ta gama makaranta ta tafi birnin Trondheim ta karanci ilimin kwamfuta, ta kuma sami aiki a wata ƙaramar masana'antar ƙera jirage. A can ne abin da ya tsaya mata a rai ya faru. Masana'antar ta damƙa duk zane-zanen jiragenta ga wani kamfani na waje, ya riƙa adana mata su a na'urorinsa. Wata safiyar Litinin aka wayi gari kamfanin ya rufe, ƙofa da kwaɗo, waya ba mai ɗauka. Zane-zanen shekara goma sha ɗaya suka tafi ke nan. Oddrun da wasu mutum biyu suka cinye lokacin sanyi guda suna bin jirage da tef ɗin awo, suna sake zanawa, yatsunsu kamar za su karye don sanyi. Tana da shekara ashirin da shida a lokacin.

Ta dawo gida a 1998 saboda jinyar mahaifiyarta, kamfaninmu ya ɗauke ta. A wancan lokacin, da littafi da fensir muke rubuta sunayen masu mota. Ita ta kwashe rigunan ceto daga wani ɗaki da ke bayan kicin, ta sa aka kafa masa na'urar sanyaya wuri, ta jera manyan kwamfutoci guda shida waɗanda suke riƙe da komai namu: jerin fasinjoji, jadawalin ma'aikata, tarihin gyaran kowane inji. Kowace safiya kafin ta cire rigar ruwanta sai ta leƙa ɗakin. Nakan tsokane ta.

"Yaya 'ya'yan naki, sun tashi lafiya?"

"Sun fi ka lafiya, Eilif. Su ko tari ba sa yi."

Shekara goma sha takwas aka yi haka ba wanda ya ce komai. Sai a 2016 aka kawo mana sabon darakta daga Oslo, Jostein Aune, dogo, mai fara'a, mai saurin magana. Bai yi wata biyu ba ya tara mu a ɗakin taro, ya ce zamani ya wuce ɗakin bayan kicin. Yanzu, in ji shi, kamfanoni suna zuba bayanansu a gajimare, wato a na'urorin wani babban kamfani can nesa, su kuma su riƙa isa gare su ta intanet. Babu sayen na'ura, babu gyara, babu fargabar gobara. Ya zo da wani ɗan kasuwa mai kyakkyawar kwat, ya nuna mana hotuna a bango har kusan awa guda. Da ya gama kowa ya juya ga Oddrun, wadda take warware takardar da ta naɗo burodinta da cuku.

Ta ce, "Na ji. A wace ƙasa na'urorin suke?"

Mutumin ya yi murmushi. "Ai daɗin abin ke nan, ba sai kin damu da inda suke ba."

"Na riga na damu. A wace ƙasa?"

Ya ce zai bincika.

"To, in ka je binciken ka haɗa da wannan. Waya ɗaya ce tal ta biyo ƙarƙashin teku ta iso mu, hasumiyar wayar hannu ma a kanta take. Ranar da ta tsinke, da me kyaftin zai san motar asibiti ce ta farko a layi? Sannan ranar da muka gaji da ku, ko ku kuka gaji da kanku, yaya za mu kwaso kayanmu?"

Jostein ya ce, "Haba Oddrun, wannan kamfanin ya fi ƙasarmu ma'aikata. Ina zai je?"

"Wancan ma da na sani ba wanda ya zaci zai je ko'ina."

Aka tashi ba a yanke komai ba. Daga ranar ma'aikatan tasha suka laƙaba mata Uwargida A'a. Ba zan ɓoye ba, ni ma bayan Jostein nake. Duk lokacin zafi, in masu yawon buɗe ido suka cika hanya da motocinsu masu gado a ciki, na'urorinta shida sai su riƙa nishi. Kana danna abu sai ka je ka zuba kofi ka dawo kafin ya buɗe. Na same ta na gaya mata gaskiya.

"Taurin kai ne kawai yake damunki."

"Ƙwarai, ina da shi. Amma kai in abu ya lalace gida za ka tafi. Ni ce zan tsaya gaban mutane in yi bayani."

Na daɗe ina tunanin wannan amsa. Lallai ba tsoron sabon abu take yi ba, don ita ta fara kawo mana sayen tikiti ta waya tun kafin kamfanonin da suka fi mu. Abin da ba ta so shi ne a ɗora mata alhakin abin da ba a bar ta ta gani ba. Akwai kuma maganar Arnfinn, wadda ba ta taɓa faɗa a taro ba. Shekararsa hamsin da bakwai, bai iya komai ba sai kula da waɗannan na'urori, kuma ta san abin da ake nufi in aka ce babu gyara.

Shekara biyu suna wannan ja-in-ja ita da Jostein. Abin da ya sauya ta kuwa ba daga bakinsa ya fito ba.

A watan Maris na 2018 Arnfinn ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar gidansa yana kwashe ƙanƙara. Ciwon zuciya ne. Aka yi masa aiki a Bodø, likita ya ce ya huta wata huɗu. Sashe ya koma mutum ɗaya. A watan Yuni kuma 'yarta tilo, Ingunn, wadda take aure a birnin Tromsø, ta shiga watan haihuwarta ta fari. Oddrun ta haɗa jaka tun sati biyu kafin lokaci, ta ajiye a ƙarƙashin tebur, da 'yar rigar ulu da ta saƙa da hannunta a ciki. Ranar da aka bugo cewa naƙuda ta fara, ranar Juma'a ce ta farkon hutun makarantu. Tana cikin sa takalmi ɗaya daga cikin na'urorin shida ta mutu, ta ja jerin fasinjoji duka ta tafi da shi. Motoci sama da ɗari biyu ne a layi a tsallake, har da manyan motocin kifi waɗanda kayansu ba ya jira.

Na ce mata, "Ki tafi. Mu koma littafi da fensir."

Ta dube ni, ta dubi jakar, ta cire takalmin.

Sai ran Lahadi da rana ta gama tayar da komai. Ta ga jikarta a hoton waya, tana zaune a ƙasa a ɗakin bayan kicin, sukurdireba a cinyarta.

Ran Litinin muka fita bakin tasha cin abincin rana, kamar yadda muka saba in rana ta fito. Ta riƙa jefa wa tsuntsayen teku ɓawon burodi, abin da kullum take hana ni.

Can ta ce, "Eilif, shekara ashirin ina alfahari cewa ba abin da yake motsi a nan sai da ni."

"Ai gaskiya ne."

"Gaskiya ne, shi ya sa aikin bai yi kyau ba. In da ni ce na faɗi a ƙanƙara fa, Arnfinn kuma yana kwance? Na gina abin da ba ya iya kwana biyu in ba na nan. Wancan kamfanin na Trondheim ma ai abin da ya yi ke nan, sai dai ni ba kwaɗo a ƙofata."

"To yanzu kin yarda da gajimaren Jostein?"

"Kai dai ka cika gaggawa. Zan dai je in gani."

Da gaske take. Ta ƙi mutumin mai kwat, ta nemo wani kamfani da yake ajiye na'urorinsa a cikin ƙasarmu, a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai a yamma. Ta rubuta musu cewa tana son ta shiga ta gani da idonta. Suka ce ba a saba ba. Ta sake rubutawa, sau huɗu, har suka gaji suka ba ta rana. Ta yi kwana biyu a hanya, jirgin ruwa, jirgin sama, bas. Da ta dawo ta shigo ofishina ko rigar ruwa ba ta cire ba.

"Eilif, na ga wuri. Wutarsu ta hanya biyu take shigowa, ga injinan ko-ta-kwana, kowanne ya kai girman gidanka. Wata yarinya injiniya ce ta zagaya da ni. Na ce mata in wannan ya mutu fa? Ta ce ga wancan. In wancan ya mutu fa? Ta ce akwai kwafi a wani gari. Sai da na yi mata tambaya ta kai arba'in, ba ta ce mini kada in damu ba ko sau ɗaya."

"Kin ɗora hannu a kan na'urar?"

Ta yi dariya. "Ta ce an hana. Na ɗora da ta juya baya."

Washegari ta shiga wurin Jostein da takarda ɗaya. Ƙofa a buɗe take, don haka na ji komai. Ta ce ta yarda a koma gajimare, amma bisa sharuɗɗanta. Kowane jirgi da kowace tasha za a sa musu 'yar ƙaramar na'ura mai riƙe da jerin kwana uku, wadda za ta yi aiki ko babu intanet, in ta sami hanya kuma ta sabunta kanta. A rubuta a yarjejeniya yadda za mu kwashe bayananmu in mun so tafiya, kuma a gwada kwashewar sau ɗaya kafin a sa hannu. Arnfinn zai je kwas, shi zai riƙe ƙananan na'urorin. Jostein yana ta gyaɗa kai, yana jin ya yi nasara. Sai ta kawo na ƙarshe.

"Kuma duk Talatar farko ta wata, ƙarfe goma na safe, zan zare wayar intanet ta kamfani gaba ɗaya. Awa biyu."

"Ki zare? Da gangan?"

"Da hannuna."

"Oddrun, mutane suna biyan kuɗi don kada waya ta tsinke, ke kuma za ki riƙa tsinke ta da kanki?"

"Abin da ba a gwada ba, ban san yana aiki ba. Kai ma a jirgi ai kana sa su atisayen gobara, ba tare da wuta ta kama ba."

Ya ce wannan wulaƙanta fasinja ne. Ta ce to a bar maganar gajimaren, ta ɗauki takardarta. Sai da ta kai bakin ƙofa ya ce, "Dawo, dawo. Kai, wannan mata!"

Ƙaurar ta ɗauki wata goma sha huɗu. Ranar da aka kashe na'urori shida ɗin nan, ita ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, ta ce kowa ya fita ya ba ta minti biyar. Ɗakin ya koma ma'ajiyar rigunan ceto.

Talatar farko da ta zare waya abin bai yi daɗin gani ba. Na'urar jirgi ɗaya ta ƙi tashi, ta wata tasha kuma ta nuno jerin makon jiya. Gudmund, babban kyaftin ɗinmu, mutum mai murya kamar ƙahon jirgi, ya kira ta a rediyo kowa yana ji.

"Oddrun! Wace irin azaba ce wannan? Ina da motoci talatin, allon nan kuma yana ce mini ina kwana!"

"Ka amsa masa mana, Gudmund. Sannan ka danna koren maɓallin da na nuna maka sau uku."

"Ni direban jirgi ne, ba sakatare ba!"

"To direba, danna kore."

Wata na biyu abu biyu ne suka lalace. Wata na biyar ba abin da ya lalace. Bayan shekara guda ma'aikata sun daina lura, sai dai ka ji wani ya ce, af, yau Talatar Oddrun ce. Arnfinn kuwa ya dawo daga kwas kamar an rage masa shekara goma. Kullum yana cikin jirgi da 'yar jakarsa, daga wannan tasha zuwa waccan, ya rame, fuskarsa ta yi ja saboda iska. Lokacin zafi ya zo, masu yawon buɗe ido suka cika hanya, ban ƙara samun damar zuba kofi kafin allo ya buɗe ba.

Ranar da aka daɗe ana maganarta ta zo a watan Fabrairu na 2022. Wata safiyar Alhamis, wajen ƙarfe tara, wani jirgin dakon kaya da ya fake wa guguwa ya ja ƙugiyar da take tsayar da shi a ƙasan teku, ya tsinke wayar. Komai ya ɗauke lokaci guda: intanet, wayar hannu, na'urar biyan kuɗi a kanti, har layin ɗakin shan magani. Aka ce jirgin gyara ba zai iso ba sai iska ta lafa.

Oddrun ba ta nan. Tana Tromsø, ta ɗauki hutun mako guda wurin Ingunn da jikarta, kuma ba yadda za a yi mu kira ta.

Jostein ya shigo ofishina fuskarsa fara fat. "Eilif, me za mu yi?"

Kafin in buɗe baki rediyo ya yi ƙara, muryar Gudmund ta cika ɗakin.

"Ofis, ofis. Wai yau Talata ce? Ni dai na danna kore. Motar masu wankin ƙoda ce ta farko, sai motocin kifi biyu. Zan tashi goma da kwata in iska ta bari."

Ya kuma tashi goma da kwata. Masu wankin ƙoda su uku suka isa asibitin Bodø a kan lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ɓangarorin biyu suka riƙe juna. Mutanen tsallake suka ci gaba da kama wuri ta wayoyinsu kamar kullum, domin gajimaren yana can lafiya lau, bai san ma an yi wani abu ba. Jirgi yana isa tsallake 'yar na'urarsa ta sha sabon jeri, ya ɗauko shi ya kawo mana tsibiri tare da madara da jaridu. Da komai yana ɗakin bayan kicin, da mutanen tsallake sun makance. Da komai yana gajimare kawai, da mu ne muka makance. Kwana huɗu aka yi haka. Tashi biyu kawai muka soke, su ma iska ce ta soke su. Har ɗakin shan magani da kantin gari suka riƙa ba Arnfinn saƙonninsu ya tura musu in ya isa tsallake.

Oddrun ta ji labari a rediyon ƙasa. Ingunn ta gaya mini daga baya cewa uwar ta miƙe tsaye, ta ɗauki jaka, ta tsaya a tsakar ɗaki kamar minti guda. Sai ta ajiye jakar, ta koma ƙasa wurin jikarta suka ci gaba da gina gidan katako. Ba ta dawo ba sai da hutunta ya cika.

Ran Litinin da ta sauko daga jirgi, Gudmund ya busa mata ƙaho sau uku, abin da doka ba ta so a cikin tasha. Jostein da kansa ya toya waina ya kawo da cuku mai ruwan ƙasa, ya tsaya a kicin gaban kowa.

Ya ce, "Oddrun, na taɓa cewa kina wulaƙanta fasinja. Na janye."

"Ni ma na taɓa cewa gajimarenka shirme ne."

"Ba ki taɓa faɗa a gabana ba."

"A gaban Eilif na faɗa. Na janye rabi."

Bara ta yi ritaya. Kafin ta tafi, ƙungiyar shugabannin sassan kwamfuta ta arewa ta gayyace ta Bodø ta yi jawabi, ta ce sai na raka ta don kada ta gudu. Mutum kusan ɗari ne a zauren, daga ƙananan hukumomi, kamfanonin kifi, asibitoci. Ba ta zo da hoto ko ɗaya ba. Ta tsaya da rigar ulu ta ba da labari kamar tana kicin ɗinmu, minti ashirin. Da aka zo tambayoyi wata mata daga wata ƙaramar hukuma ta ɗaga hannu, ta ce ita shekara uku ke nan shugabanninta suna matsa mata ta koma gajimare, ita kuma gabanta yana faɗuwa, har ta fara jin kunyar kanta.

Oddrun ta ce, "Kada ki ji kunya. Ki zauna ki rubuta ainihin abin da kike tsoro, da sunansa, ba tsoro kawai ba. Wani za ki ga tsohon ciwo ne da ba ruwansa da yau. Wani kuma za ki ga gaskiya ne, kuma ke kaɗai kika san shi, don ke kika san garinku. Wannan shi za ki kai musu, ki ce a gyara shi tukuna."

Matar tana rubutawa, wasu ma na ga suna rubutawa. Ni ina kujerar baya, ina ta alfahari, kamar ni aka gayyata. Aka yi tafi, shugaban taro ya ce akwai liyafar cin abinci ƙarfe biyar, an tanadar mata kujera kusa da shi. Ta gode masa, ta ce mijinta Steinar ya kamo kifi da safe, ya kuma ce ba zai dafa ba sai ta dawo. Ta ɗauki rigar ruwanta, ta yafito ni da hannu, muka fita da sauri don mu sami bas ɗin ƙarfe huɗu da minti goma.